Bariyam A Cikin Giris Da Man Inji: Jawabi Ga Ɗalibai Da Matasan Ma'aikata A Zuru

 Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan fili, alhali kuwa a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi mu shekaru, suka kuma fi mu sani. In mun yi tuntuɓe a gyara mana.

Ranar da aka liƙa sanarwar wannan jawabi, wani abokin karatunmu ya tsaya ya karanta, sa'an nan ya yi dariya ya ce, me ya haɗa Zuru da sinadarin masana'antu, garin da ba matatar mai, ba masaƙa? Ba mu yi musu da shi ba. Muka dai ce masa ya tashi da sassafe ya zaga gari, ya ƙidaya abin da ke juyi. Ga injinan niƙa a unguwanni, ga na casar shinkafa, ga na ban-ruwa a fadama, ga janareto, ga tarakta, ga babura ba iyaka, ga manyan motoci masu bin hanyar Rijau zuwa Kwantagora da masu nufar Mahuta da Ribah. A shekarar 2020 kuma Kwalejin Aikin Gona ta garin nan ta zama Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, watau masu hulɗa da injinan noma ƙaruwa za su yi. Duk ƙarfen da ke gugar ɗan'uwansa yana bukatar mai ko giris, kuma daga nesa waɗannan suke zuwa mana, cikin duro da jarka, ɗauke da duk abin da masana'anta ta zuba a ciki.

Da yawa daga cikinmu suna zaton man juye mai ne tsantsa. Ba haka ba ne. Akwai uwar mai, wadda ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ma an gina ta da sashen yin irinta. Amma uwar mai ita kaɗai ba ta jure aikin inji, don haka ake yi mata gauraye da wasu sinadarai, wani lokaci har su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin galan. Wani aikinsa ya hana tsatsa, wani ya wanke dauɗar inji ya riƙe ta kada ta kwanta, wani ya hana kumfa. Giris kuwa, abin zai ba ku mamaki, sabulu ne aka kaurara mai da shi. Yadda iyayenmu mata ke haɗa mai da ruwan toka su sami sabulun salo, haka masana'anta ke haɗa kitse da wani ƙarfe ta sami sabulun da ke riƙe mai kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Ƙarfen nan kan zama litiyam, ko kalshiyam, ko alminiyam, ko kuwa bariyam, wanda shi ne ya tara mu yau.

Bariyam ƙarfe ne, shi ne na 56 a jerin sinadarai da muka haddace a sakandare. Wani Bature ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ya fara ware shi a 1808, an kuma samo sunansa daga kalmar Girkanci mai ma'anar nauyi. Ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Dutsen da ake samunsa a ciki, watau barait, ana haƙarsa a Azara ta Ƙaramar Hukumar Awe a Jihar Nasarawa, da wasu sassan Binuwai da Taraba, ana niƙa shi a kai wa masu haƙar rijiyoyin mai, domin ya fi ruwa nauyi sau huɗu da ɗoriya, yana danne rijiya kada ta yi aman abin da ke cikinta. Koren launin da kuke gani in an harba wasan wuta sama, shi ma aikin bariyam ne.

Tun wajen shekarun 1940 masu haɗa man inji suka rungumi bariyam, don yana da amfani ƙwarai. Wani nau'insa da ake kira bariyam salfonet yana liƙe wa ƙarfe ya kori ruwa daga jikinsa, tsatsa ta rasa wurin kamawa. Giris ɗin da aka yi da sabulun bariyam ba ya saurin wankewa da ruwa, yana kuma jure nauyi. A shekarun 1960 har zuba shi aka riƙa yi cikin man gas don rage baƙin hayaƙin manyan motoci. Daga baya aka ja da baya. Kalshiyam da magnesiyam suka karɓi wurinsa a yawancin man mota, litiyam ya mamaye kasuwar giris. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne dokar shara: a Amurka, duk sharar da aka gwada aka ga tana sakin bariyam har miligiram 100 cikin lita guda, ana lissafa ta cikin shara mai haɗari, zubar da ita kuma sai an kashe kuɗi. Amma fa bai ɓace ba. Har yanzu ana samunsa cikin man da ake shafa wa sababbin kayan gyara don kada su yi tsatsa a hanya, da wasu nau'o'in giris na musamman na famfon ruwa da injinan masana'antu, da wasu man yankan ƙarfe.

To, ina gubar take? A nan ne muke roƙon ku ba mu aron hankalinku, domin al'amarin bariyam fuska biyu gare shi. Wanda aka taɓa yi wa hoton hanji a asibiti ya san wani farin kunu mai kauri da ake ba mutum ya sha kafin a ɗauki hoton. Bariyam salfet ke nan. Mutum kan sha kofi guda ko fiye, ya tashi lafiya lau, saboda wannan nau'i ba ya narkewa, ko a ruwa ko a cikin ciki. Yadda ya shiga haka yake fita. Amma akwai 'yan'uwansa biyu, bariyam kuloraid da bariyam kabonet. Na farko yana narkewa a ruwa kamar gishiri. Na biyu ba ya narkewa a ruwa sosai, sai dai da zarar ya haɗu da ruwan tsamin da ke cikin tumbi sai ya narke; shi ya sa a da ake yin maganin ɓera da shi. Abin da bai cika cokalin shayi ba na irin waɗannan yana iya kashe ƙato. Dukansu kuwa farin gari ne, ido ba ya rarrabe su.

Yadda gubar ke aiki shi ne haka. Naman jikinmu yana motsi ne ta hanyar wani sinadari mai suna fotashiyam, wanda ke shiga da fita ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayoyin halitta. Bariyam kan je ya toshe ƙofar fita. Sai fotashiyam ya maƙale a ciki, na cikin jini ya yi ƙasa. Cikin awa ɗaya ko 'yan awoyi mutum zai fara amai da gudawa da murɗar ciki, ya ji leɓɓansa suna masa wani iri, sa'an nan ƙafafu da hannuwa su saki. In abin ya yi tsanani numfashi ya gagara, bugun zuciya ya rikice. Sau da yawa mutum yana cikin hankalinsa duk wannan ke faruwa. Ku duba yadda alamomin nan za su ruɗe mu a nan gida: farkonsu sai a ce kwalara ce, ƙarshensu sai a ce iska ce ta buge shi, a nufi wurin mai magani maimakon asibiti.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A lardin Sichuan na ƙasar Sin, cikin shekarun 1930 zuwa farkon 1940, mutane sun sha fama da wata cuta da suka sa wa suna Pa Ping, watau ciwon sakin jiki. Mutum ya ci abinci, jim kaɗan ya kasa tashi. Da aka bincika sai aka tarar gishirin da ake dafawa daga ruwan rijiyoyin yankin yana ɗauke da bariyam kuloraid. A Isra'ila a 1963, fiye da mutum 100 suka kwanta bayan sun ci naman soseji da aka kwaɓa da bariyam kabonet, an ɗauka sitacin dankali ne. A jihar Goiás ta ƙasar Brazil kuma, a 2003, kunun hoton nan na asibiti ne da kansa ya gurɓata da bariyam kabonet. Masu bincike suka ƙidaya mutum 44 da ake zaton sun kamu, 9 daga ciki suka rasu. Ba mai niyyar kisa a cikin waɗannan. Abu ne ya shiga mazubin da ba nasa ba.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan, kada mu tsorata jama'a a banza. Bariyam ɗin da ke cikin giris da mai bai kai waɗancan garin zafi ba, don a ɗaure yake cikin maiƙo, kuma kaɗan ne a cikin gaurayen. Wanda giris ya taɓa hannunsa ba mutuwa zai yi ba. Masu ƙera shi dai kan rubuta cewa yana cutarwa in an haɗiye ko an shaƙa, yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata. In an yi aiki da shi yadda aka tsara, cikin masana'anta mai tsari, haɗarinsa ɗan kaɗan ne. Damuwarmu ita ce abin da ke faruwa da shi bayan ya bar hannun wanda ya san shi.

Ku bi duro guda da idon zuci. Ya fito daga kamfani da takarda liƙe a jikinsa, mai bayyana abin da ke ciki da yadda za a yi in an sami tsautsayi. Dila ya saya, ya rarraba a bokitai. Ɗan kasuwa ya saya, ya ɗura a gwangwanaye da ledoji. Kafin ya iso hannun mai injin niƙa, ba sauran suna, ba sauran gargaɗi; giris ne kawai, ja ko baƙi ko ruwan zuma. A hutun da ya wuce mun ga wannan da idonmu a wani wurin niƙa: giris cikin gwangwanin madara, buɗe, a ajiye dab da inda mata ke jera kwanukan dawarsu, ga yara suna wasa a gefe. Muka tambayi yaron da ke kula da injin wane iri ne, ya ce na boris ne. Iyakar saninsa ke nan, ba kuma laifinsa ba ne. Ko ta fuskar inji ma akwai hasara, domin in aka cakuɗa giris na bariyam da wani irin da ba su jituwa, sai su yi ruwa su tsiyaye, boris ya ƙone, mai inji ya ɗora laifin a kan bakanike.

Shi kuma duron da aka kwashe bai mutu ba, rayuwa ta biyu zai fara. Wani ya saye shi ya tara ruwan sama, wani ya zuba hatsi, wani ya kai wa mai walda ya tsaga ya yi murhun gashi. Jarka ta koma ta man gyaɗa ko ta kunun zaƙi. Ana wankewa da omo da ruwan zafi a ce ya fita, alhali kuwa abin da aka ƙera musamman don ya liƙe wa ƙarfe ya kori ruwa, ba ruwa ne zai fitar da shi ba. Roba ma tana tsotsar mai. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya da aka fitar a 2007 bai yarda bariyam ya wuce miligiram 0.7 cikin lita guda ba. Wa zai auna ruwan duron da ke tsakar gida? Mai walda kuwa da ya sa wuta a rufaffen duro mai sauran tururin mai a ciki, ransa ya sa a caca, don yana iya fashewa.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙonawa. Mai yana ci da wuta, ƙarfe ba ya ci. In aka ƙone giris ko tsumma mai ɗauke da bariyam, maiƙon da ke ɗaure da shi ya tafi, shi kuwa ya saura cikin hayaƙi da toka, wani sashensa kuma ya koma irin nau'in nan mai narkewa a ciki. Watau wuta tana kwance shi daga ɗaurin da ya rage masa zafi. Mu kuwa mutane ne masu amfani da toka: muna tace ta mu zuba a miya, muna wanke kwano da ita, muna watsa ta a gona, awaki da kaji suna tona ta. Saboda haka kada a hura murhun girki da tsumman gareji ko baƙin mai, komai jiƙewar itace da damina.

Tun da mun ambaci baƙin mai, bari mu ɗan ratse, don shi nasa haɗarin bai tsaya ga bariyam ba. Man da ya gama aiki a inji ya kwaso ƙurar ƙarafa da ragowar ƙonannen fetur, daga cikinsu akwai masu jawo dajin fata in an daɗe ana cuɗanya da su. A 1922 likitocin Manchesta suka lura cewa ma'aikatan kaɗin auduga na Lankasha, waɗanda man injinsu ke jiƙa musu wando kullum, suna yawan kamuwa da dajin fata a gabansu. Man wancan zamani ba a tace shi kamar na yau ba, amma baƙin mai yana komawa kusa da wancan hali. To ku tuna da bakanike mai cusa tsumma a aljihun wando daga safe har yamma, da yaransa 'yan shekara 10 ko 12 masu wanke hannu da fetur su zauna cin tuwo. Fetur yana kwashe maiƙon da Allah ya yi wa fata, ta tsattsage, dauɗa ta sami hanya. Sabulu da ruwa su ne daidai. Safar hannu kuma ta zama ta roba mai jure mai, wadda ake kira naitiril. Ta yadi tsotsewa take yi ta riƙe man a jikin fata. Shafa wa dabba baƙin mai don kaska ko ƙazuwa, da tuttula shi a masai ko a lambatu, su ma abin bari ne, musamman inda rijiya take kusa.

Wataƙila wani ya ce, duk misalan da kuka kawo na ƙasashen waje ne. To ga na gida, ko da yake ƙarfen daban ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu na kusa, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400, saboda ana daka dutsen zinariya ana niƙa shi a cikin gidaje, a wuraren da ake sarrafa abinci. A 2015 aka sake ganin irin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Dalma ba bariyam ba ce: ita tana taruwa a jiki ta lalata ƙwaƙwalwar yaro, shi kuwa bugun gaggawa ya fi yi, yawancinsa ya fita cikin 'yan kwanaki. Amma hanyar da suka bi ɗaya ce, kayan masana'anta ne suka shigo tsakar gida ba tare da bayaninsu ba. Abin da ya ci Doma, in ji Hausawa, ba ya barin Awe.

Yanzu sai mu juyo gare ku, yayyenmu ma'aikata, da mu da muke bin sawunku. Dokoki akwai su. Bayan da aka gano dubban durorin shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko a 1988 (ba Kokon nan tamu ta hanyar Yawuri ba, wadda ke cikin Jihar Delta ta yanzu), gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 ta wannan shekara kan shara mai cutarwa, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'idojin muhalli. Sai dai doka ba ta shiga sito da ƙafarta. Akawun sito, da jami'in sayen kaya, da malamin gona, da duba-gari, su ne ke tsaye a wurin da takarda ke rabuwa da duro. Duk wanda zai sa hannu ya karɓi mai ko giris da yawa, yana da ikon ya nemi takardar bayanin haɗari daga ɗan kwangila. Bisa tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, sassa 16 gare ta. Ba sai an karanta duka a tsaye ba. Sashe na 3 yana faɗin abin da ke ciki, nan za ku nemi kalmar Barium ko haruffan Ba. Na 4 taimakon gaggawa ne, na 8 kayan kariya, na 13 yadda za a zubar. A jikin mazubin kuma ku duba zane mai kusurwa huɗu da jan baki: ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ko alamar motsin rai, ko mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya. Waɗannan ko wanda bai yi boko ba zai gane su in an nuna masa sau ɗaya, kuma mu ne ya kamata mu nuna, da Hausa ko da C'lela.

Maganar gwanjon tsofaffin durori tana da wuya, ba za mu ɓoye ba. Duro kuɗi ne, talaka kuma yana bukatarsa, ba zai bari ba don mun yi jawabi. Abin da muke ganin zai yiwu shi ne, duk duron da ya ɗauki mai ko sinadari, a mai da shi ga mai shi in yana karɓa. In ba haka ba a huda gindinsa kafin ya bar sito, ya tafi a matsayin kwandon shara ko tsohon ƙarfe. Baƙin mai kuma a tara shi a rufaffen mazubi, a inuwa, a kan daɓen siminti, a ba masu sake tace shi. In an rarraba giris a ƙananan gwangwanaye, a rubuta sunansa a jiki, kada kuma a yi amfani da mazubin abinci.

Saura abin yi in tsautsayi ya auku. In yaro ya haɗiyi mai ko giris, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin man da ya koma huhu ya fi wanda ke ciki illa. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba su kashe wannan guba, lokaci kawai suke ci. A ɗauke shi zuwa asibiti tare da mazubin abin da ya sha, ko da ba takarda a jiki. In likita ya san bariyam ake tuhuma, yana da abin yi: akwai gishirin salfet da ake bayarwa ta baki, wanda ke mai da gubar da ke cikin hanji ta koma nau'in nan marar narkewa, sa'an nan a auna fotashiyam na jini a ƙara shi ta jijiya. Wannan aikin asibiti ne, ba na gida ba. In ido ya shiga, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta kamar minti 15. Masu aiki da bindigar giris ko bututun haidirolik na tarakta kuma su lura da wannan: kada a laluba yoyon bututu da hannu, a sa kwali. In mai ya huda fata da ƙarfin matsi, ƙofar ba ta wuce ta allura ba, da farko ma ba zafi sosai, amma man ya riga ya bazu a cikin yatsa. Wanda ya jira gari ya waye yana iya rasa yatsan, don haka a ranar za a nemi likitan fiɗa.

Mun zo da zanen alamomin nan a kan takardu, suna bakin ƙofa. Mai sha'awa ya ɗauki biyu, ɗaya nasa, ɗaya na garejin unguwarsu. Mai girma shugaba, a nan za mu dakata, mu saurari tambayoyi.